Kafin a sauke giyabos: yadda za ka gane ciwon kuloci da giya a tsohuwar mota

Wata Asabar da hantsi aka jawo mani Golf 3 da igiya har garejina da ke nan Katsina bayan Ƙofar Ƙaura. Mai ita direban haya ne, lodin Katsina zuwa Daura yake yi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Maigida, giyabos ya tafi. An riga an faɗa mani a tasha, Baljiyam zan nema." Na ce mashi ya zauna bisa benci ya sha ruwa tukuna. Na shiga motar tana kashe, na taka kuloci, na zagaya giya tun daga ta ɗaya har ta biyar, na sa ribas. Duk suka shiga sumul. Na tayar da inji na sake gwadawa, sai ta ɗaya ta ƙi, ribas kuwa ta yi ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Nan na san giyabos ɗin nan lafiyarshi lau. Wayar kuloci ce ta tsittsinke daga ciki, saura 'yan zaruruwa ƙalilan ke riƙe da ita, ba ta iya jan kulocin ya saki. Kafin azahar bawan Allah ya koma layi.

Na haura shekara 20 ina wannan sana'a, kuma har yau raina yana ɓaci in na ga talaka ya ci bashi ya sayi giyabos alhali abin da ke damun motarshi bai wuce waya ko roba ba. Sauke giyabos aikin yini ne, ga kuɗin aiki, ga kuɗin kaya, kuma duk abin da aka kwance a tsohuwar mota ba lallai ya koma yadda yake ba. Mota tana faɗin inda ke mata ciwo tun daga waje. Abin da zan nuna maka shi ne yadda ake tambayarta, yadda maigidana ya koya mani a kan Peugeot 504, tun zamanin da motocin da ake harhaɗawa a Kaduna suka cika titunan garin nan.

Sai ka fara sanin abin da ke cikin wurin. A bayan inji akwai wani ƙaton faranti mai nauyi da muke kira fulawil, yana juyawa tare da inji. A jikinshi ake manna faifan kuloci, wanda muke ce wa dis, mai lainin gaba da baya irin na birki, tsakiyarshi kuma yana zaune kan sandar da ke shiga giyabos. Sai filet, murfi mai sifirin, shi ke danne dis a jikin fulawil da ƙarfi. Idan ƙafarka ba ta kan feda, ukun nan a manne suke, ƙarfin inji yana wucewa zuwa taya. Da ka taka, sai rilis boris, wani boris mai zamewa gaba da baya, ya tura sifirin ɗin, filet ya ja baya kaɗan, dis ya sami sarari, inji ya rabu da giyabos. Tsakanin fedar da rilis boris kuma ko dai waya ce, kamar a yawancin Golf 2 da Golf 3 da ke yawo a nan, ko kuma mai ne, kamar a Corolla da Carina E, inda akwai famfo biyu: kulocin sama a bayan feda, da kulocin ƙasa a jikin giyabos.

Ciwon kuloci kusan duka iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Ko dai ya ƙi saki idan ka taka, ko ya ƙi kamawa idan ka ɗaga ƙafa. Wanda ya raba waɗannan biyu ya yi rabin aiki.

Idan giya ta ƙi shiga

Ka fara da gwajin da na yi wa Golf ɗin can, don ba ya cin ko kwabo. Ka ja hambirki, ka tabbata babu yaro ko dabba gaban motar ko bayanta. Inji a kashe, ka taka kuloci ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka tayar, ka bar shi a silo, wato ba ka taɓa totur ba, ka sake bi. In suna shiga a kashe amma suna ƙi a kunne, laifin na kuloci ne, bai saki ba, dis yana ci gaba da jan sandar giyabos duk da ka taka. In kuwa ko a kashe ko a kunne duk ɗaya ne, sandar giya tana cijewa ko tana lilo kamar muciya a tukunya, to ka bar kuloci, ka nufi sandunan da ke kai saƙo daga hannunka zuwa giyabos.

Ribas ita ce shaidar da ba ta ƙarya. Giyoyin gaba suna da wani zoben tagulla da muke kira sinkuro, mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, shi ya sa suke rufa wa kuloci asiri na ɗan lokaci. A yawancin tsofaffin motoci ribas ba ta da wannan zobe. Ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku a hankali, sannan ka sa ribas. In ta shiga shiru, kuloci yana saki. In ta yi gurnani duk da ka jira, bai saki ba. Wata alamar kuma: ka sa ta ɗaya, ƙafarka na ƙasa a kan kuloci, ka saki hambirki a wuri mai lebur, sai ka ji motar tana son rarrafawa gaba da kanta.

To me ya hana shi saki? A nan nake so ka yi haƙuri ka bi daga mai araha zuwa mai tsada.

In motarka mai mai ce, ka buɗe bonet ka duba ɗan kofin man kuloci. A wasu motocin kofinshi daban yake, a wasu kuma yana sha daga kofin birki. In ya yi ƙasa, mai ba ya ɓacewa haka nan, wani wuri yake zuba. Ka sunkuya da tocila ka duba saman feda, inda sandar ke shiga kulocin sama. In ka ga danshi, ko kafet ya jiƙe, ko fenti ya kware a wurin, robar ciki ta mutu. Ka je wurin kulocin ƙasa ka ɗan ja robar da ke rufe bakinshi, in mai ya fito shi ma ya gaji. Akwai kuma gwajin famfo: ka tattaka fedar sau biyar ko shida da sauri, sannan ka sa giya. In ta shiga bayan ka tattaka, to iska ce ta shiga layi ko robar kulocin sama ta fara saki. Wani lokaci ba ka ganin ɗigon mai ko ɗaya a waje amma yana zurarewa ta ciki. Za ka gane shi a danja ko a cunkoson bakin babbar kasuwa: kana tsaye da giya a ciki, ƙafarka na ƙasa, bayan ɗan lokaci sai motar ta fara tafiya da kanta. Wannan kulocin sama ne, babu tantama.

Abu ɗaya nake roƙonka. Man birki kawai ake zubawa a kofin nan, DOT 3 ko DOT 4, wanda aka rubuta a murfin. Na sha karɓar motar da aka zuba wa baƙin mai ko man sitiyari a hanya don a lallaɓa a iso gida. Irin wannan mai yana kumbura robobin, cikin 'yan kwanaki sai a canza na sama da na ƙasa da tiyo gaba ɗaya. Shi kanshi man birkin yana shan danshi daga iska, in ka ga ya koma baƙi kamar shayi mai kauri, a zubar da shi a sa sabo, a fitar da iska ta ɗan notin da ke jikin kulocin ƙasa, mutum ɗaya na takawa ɗaya na buɗewa yana rufewa.

In mai waya ce, ka danna fedar da hannu. Ya kamata ka ji ɗan wasa kafin ta fara tauri, kamar santimita 1 zuwa 2 a yawancin motoci. In wasan ya yi yawa, rabin takunka a banza yake tafiya, kuloci ba zai gama saki ba. Wasu wayoyin suna da noti da ake ɗaurewa, na Golf 3 kuma yawanci mai daidaita kanta ce, kuma ƙurar hunturu tana shiga na'urar ta cije. Feda mai tauri ƙwarai ko mai kukan ƙiƙi-ƙiƙi alama ce wayar ta bushe ko ta fara tsinkewa. Kada ka jira ta ƙarasa a tsakanin Mashi da Daura da fasinja cike da mota.

Sai in duk waɗannan lafiya suke sannan a fara zargin ciki: dis ya lanƙwashe, ko lainin ya fashe, ko tsatsa ta hana shi zamewa kan sandarshi. Motar da aka ajiye wata biyu ko uku da damina, musamman in ta shiga ruwa kafin a ajiye ta, dis yana iya mannewa da fulawil. Feda lafiya lau amma giya ba ta shiga sam. Sau da yawa wannan yana ɓallewa ba tare da an kwance komai ba, in aka bar inji ya yi zafi, aka kashe, aka sa giya, aka tayar da ita a fili mai faɗi ƙafa na kan kuloci ana ɗan taka birki. Amma a fili nake nufi, ba cikin lungu ba.

Idan inji na kuka mota ba ta gudu

Wannan shi ne ɗaya ciwon, kuloci yana sulɓi. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, babu tudun kirki da zai tona asirinshi da wuri, shi ya sa mutane da yawa ba sa ganewa sai ranar da suka ɗauki lodi. Motar da ke yawo cikin gari da mutum ɗaya za ta yi wata shida tana ɓoye shi. Ranar Lahadi a cika ta da buhuna a nufi kasuwar Mai'aduwa, ko a zo fitowa daga ƙarƙashin gadar Ƙofar Ƙaura da mutum shida, sai ka ji inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba.

Ka gwada a kan titi mai sarari. Kana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a giya ta huɗu ko ta biyar, ka danne totur gaba ɗaya. In lafiya yake, kukan inji da gudun mota tare za su tashi a hankali. In kukan ya yi tsalle ya bar motar a baya, yana sulɓi. A tsaye ma ana gwadawa: hambirki a ja da kyau, giya ta uku, ɗan totur kaɗan, ka saki kuloci a hankali. Ya kamata inji ya mutu nan take. In ya ci gaba da aiki ƙafarka na sama, dis ya gama. Sau ɗaya ake wannan gwajin, daƙiƙa biyu ko uku, don shi kanshi yana cin lainin. Hancinka ma zai taimake ka, warin kuloci mai ƙonewa irin na birkin tirela ne da ya yi zafi. Fedar da ba ta kamawa sai ta zo can sama ita ma alama ce lainin ya sirance.

Ko a nan kada ka yi gaggawa. Wayar da aka ɗaure ta yi tsauri, babu wasa ko kaɗan, tana riƙe kuloci a rabin taku kullum, kuma sassauta noti ɗaya yana iya tsayar da sulɓin in ba a makara ba. A mai mai kuma, in an ƙara tsawon sandar bayan feda fiye da kima, man ba ya samun hanyar komawa kofi, sai ka ga da safe lafiya, da rana ta take motar ta yi zafi sai sulɓi ya fara. Na ga wannan ya sa an canza dis sabo har sau biyu a mota ɗaya.

Sannan ka leƙa ƙasa, inda inji ya haɗu da giyabos. In mai yana ɗiga daga nan, ka taɓa ka shinshina. Baƙin mai daga oyil sil ɗin bayan inji yake, wato robar da ke tare mai, man giya kuma warinshi daban ne, mai ɗoyi-ɗoyi. Kowanne ya taɓa lainin ya lalata shi, kuma in aka sa sabon dis ba a canza sil ɗin ba, an zuba kuɗi a rijiya. Mai a jikin dis shi ne kuma babban abin da ke sa mota karkarwa lokacin tashi. Amma kafin ka ɗora wa kuloci laifin karkarwa, ka sa wani ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, ya kalli injin bonet a buɗe kana ɗan sakin kuloci a ta ɗaya da ribas. In injin yana tsalle, injin sit ne, robar da inji ke zaune a kai, ya yage.

Ƙara kuma da ƙafa ake rarrabe ta. Mota a firi, inji a silo. In shiru ne sai ka fara takawa sannan ƙugi ko shiii ya taso, rilis boris ne. In ƙarar tana nan ƙafarka na sama amma ta ɗauke da ka taka har ƙasa, daga cikin giyabos take, boris ɗin sandar shiga ne ko kuma mai ya yi ƙasa. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin shan kwana ba giyabos ba ne ko kaɗan, kan shaf ne, gaɓar sandar da ke juya tayar gaba. Masu yawancin Golf 2 da Golf 3 ku sani, ginin kulocinku a juye yake da na sauran motoci: wata siririyar sanda ce ke bi ta tsakiyar giyabos ta tura shi, rilis boris kuma yana can ƙarshen giyabos ta wajen tayar hagu, ƙarƙashin wani ɗan murfi. Ana canza shi ba tare da an sauke komai ba. Duk wanda ya ce sai ya sauke maka giyabos saboda wannan boris, ka nemi wanda ya san motar.

Sai giyabos ɗin kanshi

Shi ba ya ciwo a dunƙule, yakan nuna giya ɗaya. In ta biyu ce kawai ke ƙara, ko ta uku, sauran kuma lafiya, sinkuro ɗin wannan giyar ne ya cinye. Ka tabbatar da salon tsofaffin direbobin gingimari: ka taka ka dawo firi, ka saki kuloci, in saukowa za ka yi ka ɗan ba da totur, ka sake takawa ka sa giyar. In ta shiga shiru ta haka, sinkuro ne, kuma za ka iya lallaɓawa da wannan salon har ka tara kuɗin gyara.

Giyar da ke fita da kanta tana iya zama haƙoran da suka cinye, amma ka fara duba injin sit da bushin ɗin sandunan giya. A Golf waɗannan bushin na roba ne, zafinmu na bazara da ƙura suna cinye su, sai ta ɗaya da ribas su yi wuyar samu, ko ka nemi ta ɗaya ka faɗa ta uku. Ana sayar da su saiti guda, kuɗinsu bai kai na cika tanki ba.

Man giya kuwa shi ne marayan mota, kowa na canza baƙin mai amma shi an manta da shi shekara da shekaru. A ajiye mota a wuri mai lebur, a kwance notin gefen giyabos, a Golf sifana mai kusurwa shida lamba 17 ke buɗe shi. Man ya kamata ya zo daidai bakin ramin. Giyabos ɗin Golf kusan lita 2 kawai yake ci, kuma giya ta biyar tana can gefe inda mai ke fara yanke mata, shi ya sa in ya yi ƙasa ita ke fara fita ko ƙonewa, musamman ga masu dogon zango irin Katsina zuwa Kano. In za a zubar da tsohon, ka tsaya ka gani da idonka. Laushin baƙin ƙarfe kamar kwalli ba abin tsoro ba ne. Ƙyalƙyali ruwan zinariya tagullar sinkuro ce. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa kuwa, to a nan ne maganar buɗe giyabos ta taso da gaske. Kuma ba kowane mai ke shiga kowace mota ba: Golf tana son 75W-90 mai alamar GL-4, tsofaffin Honda kuma mai marar kauri suke so, in ka ɗura masu mai kauri irin na babbar mota giya za ta yi tauri da sanyin safiya.

In bincike ya nuna dole a sauke, to a yi aikin sau ɗaya. Dis da filet da rilis boris tare ake canza su, don kuɗin aikin ɗaya ne. A duba fuskar fulawil, in ta yi shuɗi-shuɗi ko ta tsattsage a kai ta a share. A canza sil ɗin da ke zuba. Ka ɗauki tsohon dis a hannu ka je da shi wurin mai kaya, ko nan cikin gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗora shi kan sabon a ƙirga haƙoran tsakiya, don a Golf kaɗai akwai mai faɗin milimita 190 da 200 da 210, akwai mai haƙori 24 da mai 28. Filet na Baljiyam mai kyau ina yarda da shi, amma dis na fi son sabo, don ba ka san tafiyar da tsohon ya sha ba. Ga 'yan'uwana makanikai da yaranmu: kada a hure ƙurar cikin wurin da iska ko da baki, wasu lainin suna da asbestos mai lalata huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan dis lokacin mayarwa, nan take yake lanƙwashewa. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Direba ma yana da nashi kason. Ɗora ƙafa kan feda ana tafiya, riƙe mota da rabin kuloci a cunkoso, tashi da giya ta biyu da lodi don ƙyuyar canzawa, duk suna cin lainin. Mafi muni shi ne rairayi. In ka kafe a hanyoyin ƙauyukan Zango ko Baure, kada ka tsaya kana murza totur da rabin kuloci, minti biyar na wannan ya fi tafiyar shekara cin dis. A sauke fasinja, a tone gaban taya, a sa itace ko kara, a tura.

In kuma waya ta tsinke maka a daji, ko mai ya tsiyaye feda ta kwanta, kana iya isowa gari. Ka bar inji ya yi zafi a firi, ka kashe, ka sa ta ɗaya, ka tabbata gabanka babu kowa, ka murza makulli da ɗan totur. Motar za ta zabura ta tashi. Don zuwa ta biyu, ka sassauta totur ka zare zuwa firi, ka jingina sandar a bakin ta biyu da taushin hannu, da kukan inji ya sauko daidai za ta faɗa da kanta, kada ka tilasta mata. In za ka tsaya, ka zare zuwa firi ka taka birki, ka kashe, ka sake farawa daga ta ɗaya. Batir da kik suna shan wuya a wannan, don haka ka kunna fitilun gargaɗi, ka bi gefen hanya, ka kauce wa shataletale da cunkoso, ka tsaya a garejin farko da ka tarar.